Angon Ƙarni, Alƙalami da Ƙwallo

Ina gaida mutanen Garu da na cikin garin Illela. Ina gaida Kalmalo da Araba da Gidan Hamma. Ina gaida 'yan uwanmu na Birnin Kwanni, waɗanda muryar nan ke isar musu ba tare da ta tsaya a shingen kwastan ba. Wanda ke bakin aiki, sannu da aiki. Wadda ke tsakar gida da goyo a baya, sannu da hidima. Ki matso da rediyon kusa, don maganar yau ta shafe ki.

Sharhinmu na yau a kan mutum ɗaya ne da abubuwa uku ke ja. Mu ƙaddara matashi ne a nan Garu. Allah ya ba shi baiwar rubutu, kuma irin rubutun da ya zaɓa shi ne ƙagaggen labarin kimiyya. Matarsa ta sauka lafiya, an yi suna, abokai na kiransa angon ƙarni. Ga kuma ƙwallo, wadda ya fara so tun yana buga ta ba takalmi a bayan makaranta. Alƙalami na kiransa. Jariri na kuka. A gidan kallo an tayar da janareto, ana shirin take wasa. Yinin kuwa ɗaya ne, ba a ƙara masa ko minti ba.

Zan faɗi ra'ayina tun daga farko. Littafi yana jira. Ƙwallo tana dawowa mako mai zuwa. Jariri ba ya jira. Amma ban ce a jefar da alƙalami ba, ban kuma ce a ƙaurace wa ƙwallo ba. Ku biyo ni a hankali.

Bari mu fara da rubutun.

Wani zai ce, Malam, wane irin labari ne wannan? Labari ne da ake ginawa a kan tambaya guda. Idan ilimin da ke hannunmu yau ya ci gaba, ina zai kai mu? A tatsuniya, aljani kan ɗauki mutum ya dire shi a birnin Sin kafin ƙiftawar ido, kuma ba mai tambayar ta yaya. A labarin kimiyya dole marubuci ya amsa. Da wane inji aka je? Wane makamashi ya tuƙa shi? Wa ya biya? Wa ya amfana, wa kuma aka bari a baya?

Irin wannan rubutu ba baƙo ba ne a Hausa. A 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin yaro ne da ya yi tafiya a sararin samaniya. Cikin manyan da ke saurarena akwai waɗanda suka karanta shi suna ƙanana. Sai dai hanyar da ya share ba ta sami mabiya da yawa ba. Littattafan soyayya sun cika kasuwar Kano tun daga shekarun 1980. Littattafan yaƙi da na aljanu suna da masoyansu. Labarin kimiyya kuwa sai jefi-jefi.

Wannan na damuna, domin kayan aikin suna ƙofar gidanmu.

A watan Oktoba na 1962, wani dutse ya faɗo daga sama a Zagami, a ƙasar Katsina, dab da wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa. Nauyinsa kusan kilo 18. Daga baya masana suka tabbatar cewa daga duniyar Mars ya fito. Ku ji fa. Yanki na wata duniya ya sauka a gonar Bahaushe. Wane marubuci ne zai ji wannan hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba?

Ku dawo gida jihar Sakkwato. Masana ƙasa sun ce wannan yanki da muke takawa teku ne a wani zamani mai nisa. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita tana ɗauke da ragowar halittun ruwa. An tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku a wannan jiha, har aka raɗa mata suna da sunan Goronyo. Ga ranar da ke gasa mu a bazara, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da cibiya guda ta binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kanta. Ga kuma iyaka. Mutumin Illela ya ga an rufe ta a 2019, ya ga an buɗe a ƙarshen 2020. Ya sake ganin an rufe a 2023, bayan juyin mulkin Nijar. Ya san abin da ake ji idan gwaggonka tana can, kana nan, tafiyar da ba ta kai ta hantsi ba ta gagara. To idan wata rana na'ura ce ke tsaron iyakar, ita ke duba ƙwayar ido ta ce wane ya wuce, wane ya koma, me zai faru da mai raƙumi? Me zai faru da amaryar da za a kai Kwanni? Wannan littafi ne guda, kuma ɗan Garu ya fi kowa cancantar rubuta shi.

Wasu ma sun riga sun leƙo. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ta fitar da littafi a 2007 mai suna The Shadow Speaker. A Nijar ta ajiye labarin, a shekarar 2070. Ta yi ƙoƙari, kuma ta ci manyan kyaututtuka a wannan fage. Amma da Turanci ta rubuta. Yaron da ke tallar ruwa a tashar Illela ba zai karanta ba. Gobenmu tana bukatar wanda zai ba da labarinta da harshenmu. Shi ya sa nake cewa kada matashin nan ya ajiye alƙalami.

Wannan ke nan game da irin rubutun. Yanzu mu duba yadda marubucin ke rayuwa.

Rubutun Hausa da wuya ya riƙe gida. Takarda ta yi tsada. Kuɗin ɗab'i ya hau. Marubuta da yawa sun koma waya. A waya suke rubutawa da babban yatsa, a waya suke sayarwa, mai karatu ya turo ɗan abin da ya sawwaƙa. Wani kuma ya kwafe labarin ya raba kyauta, ko ya karanta shi a YouTube ba tare da ya ce wa mai shi uffan ba. Saboda haka marubucinmu yana da wata sana'a. Ko malamin firamare ne. Ko yana da rumfar cajin waya. Ko ranar Lahadi yana kara, yana riƙe wa dillalai lissafin shanu. Ba abin kunya a nan. Tade Thompson, wanda littafinsa Rosewater ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019, likitan ƙwaƙwalwa ne a Ingila. Aikin asibiti bai hana shi rubuta labarin Najeriyar 2066 ba.

Sai dai labarin kimiyya yana da wahalarsa ta daban. Sai an yi karatu kafin a yi rubutu. In zai sa famfo mai aiki da hasken rana a labarinsa, sai ya san zurfin rijiyar. Sai ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa faifan sola. In ya yi kuskure, ɗalibin sakandare zai kama shi. Sannan sai ya riƙe duniya sukutum a kansa, da dokokinta da kuɗinta da sarautarta, kada abin da ya faɗa a babi na biyu ya ƙaryata na babi na tara. Wannan aiki yana son natsuwa mai tsawo. Yana son tsakar dare, ko bayan sallar asuba. Ku riƙe wannan, jama'a. Lokacin da marubuci ya fi so shi ne lokacin da jariri ya fi farkawa.

Nan muka zo magana ta biyu, maganar jariri. A nan zan ɗan daɗe.

Al'adarmu ta yi wa mai jego gata, ba mai musun wannan. Haihuwar fari, yawanci gidan iyayenta take komawa wanka. In ba ta koma ba, inna ko gwaggo za ta zo ta zauna da ita. Kwana arba'in ana hidima. Uba fa? Ya yi huɗuba. Ya sayi rago da goro. Ya kawo ƙauri da itacen wanka. An watse daga suna, shi ke nan an sallame shi. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana wani ko kallon yaron a gaban manya. Namiji zai iya cinye arba'in ɗin nan bai san nauyin ɗansa a hannu ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Marubuci zai ga kamar dama ce ta samu. Ɗaki ya zama nasa shi kaɗai. To amma arba'in tana ƙarewa. Mai jego ta dawo, masu taya ta sun koma gidajensu. Sabon jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Ma'aikatan lafiya sun ce a ba shi nono zalla har wata shida. Barcin uwa ya zama guntu-guntu ke nan. Idan maigida ya ja ƙofa ya ce kada a dame shi, yana tsakiyar babi, wa ya biya kuɗin wannan shirun? Ita ta biya. Da barcinta ta biya. Ina so mu faɗi wannan a fili, domin ba a cika faɗa ba. Duk shafin da ya rubuta cikin natsuwa, akwai wadda ta yi ta jijjiga a tsakar gida don ya samu.

Na sani, namiji ba ya shayarwa. Amma yana iya karɓar yaro bayan ya ƙoshi, ya ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Yana iya zagaya tsakar gida da shi uwar ta runtsa. Yana iya ɗebo ruwa. Yana iya raka su rigakafi, ya riƙe katin, ya san ranar komawa. Wanda ke ganin wannan zubar da girma ne, ya tuna abin da ya tabbata a hadisi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Yakan kuma taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwar. Bayan wannan, wane ne mu da za mu ce ɗaukar jariri ya fi ƙarfinmu?

Akwai kuma dalilin da ya shafi rai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Hausa. Sun nuna damuwa a kan yawan kanwa a kunu da tsananin zafin wanka da na gado. Ciwon yana zuwa da alamu. Mace ta riƙa haki da ɗan motsi kaɗan. Ƙafafu su kumbura. Ta kasa kwanciya sai a jingine, tari ya hana ta barci. Mace mai kunya ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ce gajiyar jego ce. Wa zai lura? Wanda ke gida. Mijin da ke fita da safe, ya wuce gidan kallo da dare, ya dawo ya duƙufa a kan waya, shi ne na ƙarshe da zai gani. Idan kun ga waɗannan alamu, a tafi asibiti a ranar, kada a jira kasuwa ta ci.

To, shin reno yana kashe rubutu? Tarihi ya ce a'a.

Akwai wani Bature marubucin labarin kimiyya, J. G. Ballard. Matarsa ta rasu a 1964, ta bar masa yara uku ƙanana. Shi ya rene su da kansa. Ya dafa, ya kai makaranta, ya dawo ya zauna a tebur, lokacin tashi ya yi ya ajiye alƙalami ya je ɗauko su. A cikin wannan hali ya rubuta da yawa daga cikin littattafan da aka san shi da su.

Ba ma sai mun je Ingila ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah ya ƙara mata rahama, an haife ta a 1793. Matar Waziri Giɗaɗo ce, mai babban gida. Ta haifi 'ya'ya ta rene su, a zamanin hijira da yaƙi. Duk da haka ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kafa 'Yan Taru, ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata. Ayyukanta suna nan ana nazarinsu a jami'o'in duniya. Ba ta da lantarki, ba ta da waya. Tawada ce da alƙalamin kara.

Wannan ya kawo ni ga abin da bai kamata mu tsallake ba. Marubucin nan da muke ƙaddarawa zai iya zama mace. A yau mata ne suka fi yawa a masu rubuta ƙagaggun labaran Hausa. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata, kuma mata na turo labarai daga birni da ƙauye. Wata tana rubutu da hannu ɗaya, ɗaya hannun na tallafe da kan yaro. Ita ba ta da gidan kallon da za ta je ta sha iska. Ba ta da ƙofar da za ta ja. Idan akwai irinta a gidanka, Malam, awa ɗaya da za ka karɓi yaron ita ce babin da za ta rubuta. Idan ba ka karɓa ba, labarin zai mutu a cikinta, kuma ba wanda zai san an yi asara.

Littafi yana jira, na ce. Amma jiransa yana da sharaɗi, a riƙa leƙa shi kullum. Wanda ya ce sai yaro ya girma zai koma rubutu, yawanci ba ya komawa, don kafin nan an yi wa yaron ƙani. Dabarar ita ce a rage buri, kada a yanke. Shafi ɗaya bayan asuba. Tunani ya zo kana jijjiga, ka ɗauki muryarka a waya, ka rubuta daga baya. Dami-dami ake cika rumbu. Shafi ɗaya kullum, kafin a yaye yaron littafi ya kammala har an yi masa gyara.

Yanzu magana ta uku, ƙwallo. Masu gidan kallo, kada ku kashe rediyo, ban zo da faɗa ba.

Bari ma in ba ku wani labari da zai ba ku sha'awa. Wasan da kuke kallo ta kwanon da ke bisa rufi, daga ina yake saukowa? Daga tauraron ɗan Adam da ke can sama, nisan kusan kilomita 36,000. Yana zagaya duniya daidai da juyawarta, shi ya sa kwanon ke fuskantar wuri ɗaya kullum. A 1945 wani matashi ɗan Ingila ya rubuta a wata mujalla cewa za a iya kafa irin waɗannan tashoshi a sama su watsa shirye-shirye ga duniya baki ɗaya. Lokacin ba a taɓa harba tauraro ko ɗaya ba. Sunansa Arthur C. Clarke, kuma marubucin labarin kimiyya ne. Shi ne mai kyautar da na ambata ɗazu. A 1964 aka yi amfani da irin wannan tauraro aka haska wasannin Olamfik na Tokyo zuwa Amurka. Don haka duk wanda ya zauna a benci a Garu yana kallon Arsenal ko Real Madrid, yana cin moriyar tunanin da irin waɗannan marubuta suka yaɗa. Gobe in ka ga abokinka ya duƙufa yana rubuta abin da ba a ƙera ba tukuna, kada ka ce masa aikin banza.

Ƙwallo kuma tana da amfani ga marubuci. Mutumin da ke wuni shi kaɗai da tunaninsa yana bukatar jama'a. A gidan kallo ake jin Hausar matasa ɗanya, da habaicinta da zolayarta. A can zai ga yadda fuskar mutum ke sauyawa idan aka farke ƙwallo ana dab da tashi. A can zai koyi yadda ake riƙe zuciyar mai kallo har ƙarshe, wanda shi ne aikin mai ba da labari. Kuma abin alfahari ne. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ne. Ya buga wa Kano Pillars, ya ciyo tagulla da Najeriya a Olamfik na 2016, yana kuma cikin tawagar Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018. A wannan gasar Ahmed Musa ya zura biyu a ragar Iceland. Wanda ya ga ranar nan ya san yadda gari ya ɗauka. Ba zan ce wa mai wannan shauƙi ya kashe shi ba.

Amma mu yi lissafi na gaskiya. Wasa minti 90 ne, da hutun rabin lokaci. Sai zuwa da wuri don a sami benci. Sai gardamar bayan wasa a bakin mai shayi, wadda kan fi wasan tsawo. Asabar akwai Firimiya. Lahadi akwai. Talata da Laraba akwai Gasar Zakarun Turai, wadda ake takewa ƙarfe takwas ko tara na dare, a tashi an rufe gidaje. Sauran kwanakin kuma ana bin labarin cinikin 'yan wasa a waya. Mutumin da ke cewa jariri ya hana shi rubutu, ya zauna ya ƙirga waɗannan awoyi tukuna. Sau da yawa za a tarar an ɗora wa jariri laifin da ba nasa ba.

Sai cacar ƙwallo, wadda ta shigo wayoyin matasa. A kan wannan ba ni da sassauci. Addini ya hana, kuma tana cin kuɗin sabulu da na magani. Angon ƙarnin da ya sa kuɗin gida a tikiti ya zalunci mutum biyu da ba su san an buga wasa ba.

Abin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ka zaɓi wasa ɗaya a mako, na ƙungiyarka. Ka gaya wa uwar ɗanka tun da wuri, kada ta ji shiru. Kafin ka fita ka tabbatar ta ci, ta huta, akwai ruwa a randa. An tashi, ka wuce gida, gardamar ta jira gobe. Sauran wasannin ka ji sakamako a rediyo, yaro na kafaɗarka. Ƙwallo tana dawowa. Kakar bana ta ƙare, ta baɗi na tafe. Wasan da ya wuce ka ma za ka ga maimaicinsa a waya. Murmushin farko na ɗanka kuwa sau ɗaya ake yinsa. Jariri ba ya jira.

Kafin mu rufe, bari in amsa wa mai ja da ni. Zai ce, Malam, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Manyan marubuta sun keɓe kansu ne, sun bar hidimar gida ga wasu. Wanda ya raba hankalinsa ba zai yi fice ba.

Akwai gaskiya a ciki. Shekarar farko rubutu zai ragu. Littafin da za a gama a wata shida zai iya kai shekara biyu. Wani lokaci jimla za ta zo, kuka ya kore ta, ba za ta dawo ba. Wannan asara ce, ba zan ɓoye ba.

Amma ku duba abin da ya samu. Aikin mutumin nan shi ne tunanin gobe. A da, shekarar 2070 lamba ce kawai a wurinsa. Yanzu fa? Yaron da aka raɗa wa suna a 2025 zai cika shekara 45 a 2070. Magidanci ne lokacin, ko uwar 'ya'ya. Shi zai sha zafin da ake cewa yana ƙaruwa. Shi zai nemi ruwa a rijiyoyin Kalmalo. Shi zai tsaya a wannan iyaka, ko tana nan ko an ɗauke ta. Uban da ya raya dare da wannan yaro ba zai rubuta gobe da wasa ba. Zai tambayi injin da ya ƙaga, me za ka yi wa ɗana? Labarin da ya fito daga wannan tambaya ya fi wanda aka rubuta a ɗakin da ba a jin motsin kowa.

Saura kalma gare ku, masu saurare.

Inna, idan kin ga ɗanki ya ɗauki jariri yana zagaya tsakar gida, kada ki ce an mallake shi. Ki sa masa albarka, ki nuna masa yadda ake tallafe wuya. Abokan majalisa, in angon ƙarni bai zo kallon Laraba ba, ku rage zolaya, ku tura masa sakamako. Malaman makaranta, in kun ga yaro ko yarinya na rubuta labarin jirgin da ke tashi daga Illela zuwa wata, ku gyara musu lissafin, ku ce su ci gaba. Ke kuma mai jego, ko kina rubutu ko ba kya yi, ki faɗi gajiyarki, ki nemi a karɓe ki, haƙƙinki ne. Kai kuma marubuci, in ka gama littafin, ka sa sunanta a shafin godiya, kuma ka karanta mata babin farko kafin kowa ya ji.

Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba masu jego lafiya, ya sa albarka a alƙaluman matasanmu.